Sabuwar Gwiwar Umma

Litinin, da hantsi

Umma ta samu barci, ni kuma na samu wurin zama. Ɗazu ta taka daga gado har ƙofar banɗaki da ƙarfen dogarawarta mai ƙafa huɗu, tana tafe tana yi mini faɗa, wai na riƙe ta kamar wadda za ta gudu. An shiga sati na uku da cire mata gwiwar dama aka sa ta ƙarfe. An warware ɗinki. Saura ɗan wuri a ƙasan tabon da bai gama rufewa ba, nas ta ce a riƙa rufe shi da bandeji, zai bushe da kansa. Ta ce in ya fara ruwa ko jiki ya yi zafi mu kira su, in ba haka ba sai nan da wata guda.

Ni na matsa aka yi aikin nan, gara in rubuta tun yanzu. Shekara da shekaru tana tsaye gaban tukwane a kicin ɗin makarantar kwana, har gwiwar ta cinye, in ta miƙe daga falo kake jin ƙarar ƙashi. Yaya ta ce a bari, mai ciwon suga ba a yi masa wasa da wuƙa. Na ce to sai mu zuba ido har ta koma jan gindi? Muka yi ta sa-in-sa, ƙaninmu Auta ya goyi bayana. Yaya ta ce, "Shi ke nan, Barkono, ke kika sani." Barkono suke kirana, saboda bakina. Wannan "ke kika sani" ɗin har yau tana maƙale a wuyana.

Jinyar karɓa-karɓa muke yi. Yaya ce ta tsara, da yake shugabar makarantar firamare ce, kuma ba ta barin shugabancin a ofis. Ni daga safe zuwa azahar, don aikina a shagon wanki da guga sai bayan azahar yake farawa. Ita in an tashi makaranta ta karɓe ni har magariba. Auta in ya gama rabon kaya ya zo da motar kamfani ya kwana. Kowa in zai tafi sai ya miƙa Umma ga na gaba, ya faɗi abin da ta ci da maganin da ta sha. Yaya takan tsaya a bakin ƙofa da jaka a kafaɗa ta bi ɗakin da kallo, kamar ta shigo duba aji.

Talata, da hantsi

Na juya mata gadon ya kalli taga, tana ganin titi, da mai facin taya na ƙetare, da kwanar da ake bi zuwa kasuwa. Ta ce burinta ɗaya, ta je kasuwar nan da ƙafarta ta zaɓi tumatir da hannunta, ta gaji da ruɓaɓɓen da muke sayo mata.

Ina shafa mata mai ta ce, "Hannun Yayarki ya fi naki laushi." Na san da la'asar za ta ce wa Yaya na fi ta iya gyaran gado, da dare ta ce wa Auta shi kaɗai ne mai tausayi. Haka ta raine mu. Ba da mugunta take yi ba, ita a ganinta haka ake sa yara ƙoƙari. Ga mu nan da furfura ta fara leƙo mana, har yanzu kowa so yake a ce nasa ya fi.

Laraba, gab da azahar

Na lanƙwasa mata ƙafar yadda mai gashin ƙashi ya koya mana, ina turawa tana zagina. Ina jin na wuce inda ya ce a tsaya, don na matsu in ga ta lanƙwasu sosai. Da na sauke ƙafar sai na ga bandejin ya jiƙe ta ƙasa. Ba jini ba ne, ruwa ne rawaya-rawaya.

Umma ta leƙa ta ce, "Ruwan ciwo ne, warkewa ke nan. Canza shi maza. Kuma kada ki gaya wa Yayarki, kin san halinta, yanzu sai ta kwashe ni ta mayar asibiti." Tun da Baba ya shiga asibitin nan bai fito ba, Umma ba ta son ko warin wurin.

Na canza. Tsohon na ƙulle a baƙar leda na tura ƙasan jakata. Yaya ta zo ta ɗaga bargo ta ga fari tas, ta ce, "Ba laifi."

Alhamis, da safe

Garau na same ta, bandeji a bushe. Auta ya ce har da minshari. Alhamdu lillahi, na jiya ne kawai.

Alhamis, gab da azahar

Ba na jiya ne kawai ba.

Asabar, da yamma

Abin ya fara ba ni tsoro. Kullum da safe lafiya nake samun Umma, goshi da sanyi, bandeji a bushe, Auta yana hamma yana cewa ba matsala. Da hantsi ya ɗaga sai jikin ya fara ɗumi, ta ce a rufa mata bargo, bandejin ya fara nuna rawaya. Yaya ba ta taɓa cewa ta ga wani abu ba, Auta ma haka. Ke nan a hannuna kaɗai yake yi. Ni nake lanƙwasa ƙafar, ni na ce a yi aikin, to wa za a tuhuma?

Yau na ba ta farasitamol biyu tun da sauran lokaci. Kafin Yaya ta iso zufa ta karyo mata, na goge ta, na canza mata riga, na canza bandeji. Yaya ta zaro ma'aunin zafi daga jakarta, don da nata take zuwa, ba ta yarda da na gidan ba. Ta sa mata a hammata, ta ɗaga shi wajen taga ta karanta. "Ba laifi," in ji ta. Umma ta ƙifta mini ido ta bayan kafaɗarta. Allah ya yafe mini, har wani daɗi na ji, wai yau ni ce mai sirri da Umma, ba 'yar gaban goshinta ba.

Litinin, bayan la'asar, a shago

Injin busarwa yana juyi, mai shago ya fita, bari in rubuta a kan teburin guga. Na sake kawo zanin gadon Umma a ɓoye. Ni dai in tabo ne ba a koya mini. Jini ruwan sanyi yake so, maiƙo sai an murza masa sabulun kwano kafin a sa a inji, tawada kuwa sai haƙuri. Wannan na jiƙa shi da bilic kaɗan ya fita tas, na goge, na ninke, ya fi na otal kyau. Warin ne ya ƙi barin hancina. Ba mai ƙarfi ba ne, ɗan ƙarni ne, irin na ruwan da aka wanke nama aka manta a roba.

Doguwa, abokiyar aikina, ta ce, "Wai ke kullum zanin gado mai furen nan, ko mai fitsarin kwance kika samu a gida?" Na ce ta kula da kwalar rigar mutane da take shirin ƙonawa. Ta yi dariya, ni ban yi ba.

Laraba, da hantsi

Nas ta kira daga asibiti, wai suna bin waɗanda aka yi wa aiki su ji yaya jiki. Ni na ɗaga. Ta ce, "Akwai zazzaɓi? Ciwon yana ruwa?" Na buɗe baki ke nan Umma ta miƙo hannu ta karɓe wayar, ta sako muryar nan tata ta tarbar baƙi. "Lafiya ƙalau, 'yar nan, sai godiya. Har tsakar gida nake zagawa. Allah ya yi muku albarka." Ta kashe ta tura ƙarƙashin filo.

Na ce, "Umma, wannan fa ba gaskiya ba ce."

Ta ce, "Ke da bakinki kamar reza, me ya hana ki ƙwace wayar?"

 Ni da ko mai kayan miya ya rage mini awo sai layin nan kaf ya ji, yau na tsaya kamar an dasa ni. Na daina lanƙwasa ƙafar tun shekaranjiya, na ce ko in ta huta abin zai tsaya.

Juma'a, gab da azahar

Bai tsaya ba. Gwiwar ta kumbura, fatar tana sheƙi, in ka ɗora tafin hannu kamar ka taɓa kofin shayi. Ta daina takawa, fo muke sa mata a gado in za ta yi fitsari ko bayan gida. An ce mana dama kumburi yakan daɗe bayan aiki, da wannan nake rarrashin kaina.

Mun yi da Yaya a bakin ƙofa. Ta ce Umma ta koma baya ne don na yi sakaci da motsa ƙafar. Na ce in ta fi ni iyawa ta ajiye alli ta zo ta karɓi safiya. Ta ce, "Ni dai tun farko..." sai ta datse maganar. Na ce, "Ƙarasa mana, Hedimasta." Ba ta ƙarasa ba. Na lura idanunta sun faɗa, amma raina a ɓace yake, ban tsaya tambaya ba. Na fita da ledata a jaka.

Lahadi, da safe

Goshi da sanyi kuma. Ta sha rabin kofin shayi. Auta ya ce ba matsala. Bai kalle ni ba da yake faɗa, takalminsa yake ɗaurewa.

Laraba, da safe, a asibiti

Jiya babban injin shago ya tsaya, mai shago ya sallame mu da wuri. Na ce bari in biya in mayar da zanin gadon da na goge cikin durowa kafin a lura babu shi. Ƙofar ɗakin a buɗe take. Yaya tana durƙushe gaban gado, ta naɗe hannun riga, tana ɓare bandeji. Ya jiƙe sharkaf, ya fi nawa na safe, kuma yanzu ba ruwa ba ne, mugunya ce sosai. A gefenta ga farasitamol biyu a murfin kofi. Ga baƙar leda a buɗe a ƙasa, irin tawa sak.

Ta ɗago ta gan ni. Tunda nake ban taɓa ganin tsoro a fuskar Yaya ba sai jiya.

Ta ce, "Barkono, ni ce. Ranar da na yi mata wanka ruwa ya shiga ciwon. An ce kada a jiƙa, na ce ai ni ba zan bari ya taɓa ba, sai ga shi. Tun ranar, kullum da la'asar sai ya yi. A hannunku ba ya yi."

 Na zuge jakata na ciro ledar safe na ajiye kusa da tata. Ta kalli ledar, ta kalle ni, ta zauna daɓas a ƙasa.

Muna nan Auta ya shigo da burodi a hannu yana 'yar waƙarsa. Ya ga ledoji biyu, waƙar ta tsaya. Ya juya ya fita, muka ji ya buɗe mota, ya dawo da tasa, babba, don shi tarawa yake yi ƙarƙashin kujera sai ya samu bola a hanya. Ya ce ranar da aka je warware ɗinki, wajen fito da ita daga mota gwiwar ta bugi ƙofa. Umma ta ce kada ya gaya mana, za mu cinye shi ɗanye. Kullum kafin in iso yake canzawa, ya ba ta ƙwaya biyu, don in same ta da sanyi.

Ashe sau uku a rana ciwon yake cika bandeji. Ashe zazzaɓin bai taɓa tafiya ba, mu ne muke danne shi. Kowannenmu yana karɓar Umma fes, ya ga ta lalace a hannunsa, tsoro ya kama shi, ya gyara ta ya miƙa wa na gaba fes.

Muka juya gaba ɗaya muka kalle ta. Ta mayar da fuska bango ta ce, "Ni dai ba zan koma ba." Auta bai tsaya jin ta bakin kowa ba, ya naɗe ta da bargo ya ɗauke ta cak.

Laraba, da yamma

Likitan ƙashi, mai furfurar nan da ya yi aikin, ya zo da kansa. Ya danna gefen gwiwar, abin ya fito ta ƙasan tabon. Ya sa allura ya zuƙi ruwan cikin gwiwar a kai gwaji. Ya ce, "Tun yaushe?"  Yaya ce ta faɗa, ba ta rage komai ba, har da ƙwayoyin, har da wayar nas, don na gaya mata a mota.

Na so ya yi mana faɗa. Har na shirya ramawa, don in samu inda zan sauke abin da ya tokare mini ƙirji. Bai yi ba. Ya cire tabarau ya murza ido, ya ce ƙwayar cuta in ta samu ƙarfe sai ta manne ta yi gida, magani ba ya isa gare ta. Da a kwanakin farko muka zo, buɗewa zai yi ya wanke ya bar gwiwar a wurinta. Yanzu dole ya cire ta, ya cike gurbin da wani siminti mai magani a ciki, a yi ta allura ta jijiya har cutar ta mutu, sannan in Allah ya yarda a sa wata.

Auta ya ce, "In kuma ba ta mutu ba fa, likita?"

Ya ce mu fara da wannan tukuna.

Alhamis, da la'asar

Sun cire. Gwiwar da na yi ta faɗa a kanta, ban ma san inda suke kai su ba.

Asabar, da hantsi

Ɗakin mata ne mai gadaje a jere, na Umma kusa da taga, tagar kuma tana kallon bayan ɗakin wankin asibitin. Ina zaune ina ganin yadda suke shanya zannuwa a karkace, hannuna yana ƙaiƙayi. An ɗaure ƙafar daga cinya har idon sawu, a miƙe sambal. Wata roba tana fitowa daga ciki tana ɗiga a 'yar gora ƙarƙashin gado, nas takan zo ta ɗaga gorar ta duba a gaban kowa.

Mun yi alkawari mu uku a kan bencin baranda. Duk abin da mutum ya gani ya faɗa, ko da Umma ta ce kada a faɗa, musamman ma in ta ce kada a faɗa. Auta ya fara da cewa jiya ta ba shi naman miyarta ya cinye. Muka yi dariya, sai ta Yaya ta juye ta zama kuka.

Har yanzu ba ta ce mini "ai na faɗa miki" ba. Da ta faɗa da na samu sauƙi.

Lahadi, da la'asar

Na je gidan Umma ɗebo mata kaya. Ƙarfen dogarawa yana nan gefen gado inda ta bar shi, da ɗankwalinta rataye a kai. Na buɗe taga ɗakin ya sha iska. Da na fito mai kemis na bakin layi ya ɗago mini hannu. "Kwana biyu shiru! Yaya jikin Umma? Ai na ce wa matata gidan nan akwai kula, ke ki sayi bandeji, Yayarki ta saya, ƙaninku ya saya. Allah ya ba mu 'ya'ya irinku." Na ce amin, na ƙara sauri.

Talata, da safe

Gwaji ya fito. Ƙwayar mai taurin kai ce, maganin da ake ta ɗura mata ko gezau ba ta yi ba. An canza wani mai ƙarfi. Shi kuma wannan, in ji ƙaramin likita, ƙoda ba ta son sa, ga suga ya hau ya ƙi sauka. Kullum sai an ɗibi jini. Hannayen Umma duk sun yi shuɗi-shuɗi, an rasa jijiya har sai da aka koma wuya.

Alhamis, bayan azahar, a shago

Na ƙona rigar wani. Fara ce sabuwa, na bar dutsen guga a kanta ina kallon bango har ƙauri ya tashi. Duk shekaruna a shagon nan ban taɓa yi ba. Mai shago ya buɗe baki zai yi magana, Doguwa ta ja shi waje. Da ta dawo ta karɓi dutsen daga hannuna ta ce, "Tafi wurin uwarki, ni zan ƙarasa."

Asabar, da yamma

Sun sake shiga da ita ɗakin tiyata sun wanke ciwon. Fatar kan gwiwar ta ƙi haɗuwa, bakinta ya yi baƙi.

Litinin, da azahar

Umma ba ta gane ni ba yau. Ta ce in sauke babbar tukunya, yara sun fito daga aji, kada shinkafa ta kama. Na ce na sauke. Ta ce ƙarya nake, tana jin ƙauri. Fitsarin da ke jakar gefen gado bai kai rabin na jiya ba, launinsa kamar shayin da ba madara.

Likita ya kira mu ofishinsa ya ce mu zauna. Ya ce cutar ta ci ƙashi, ta fara shiga jini, ƙoda tana gazawa. Ya ce yanzu ba gwiwa yake ƙoƙarin cetowa ba, Umma yake ƙoƙarin cetowa. Sai ya ɗora gefen hannunsa a kan cinyarsa, sama da gwiwa, ya ja shi a gicciye. Ya faɗi kalmar. Ba zan rubuta ta ba.

Ya ce yana so ya ji daga bakinta in ta dawo hayyacinta, kuma kwanakin da muke da su ba su da yawa.

Talata, da safe

Ta farka da hankalinta, har ta nemi shayi. Likita ya zauna a bakin gado ya yi mata bayani a hankali. Ta saurare shi har ya gama, ta ce, "Allah ya saka da alheri, likita. Da ƙafa biyu na zo duniya, da su zan koma." Ya ce ta ƙara tunani.

Yana fita na kasa riƙe bakina. Na ce, "Umma, ke fa kika ce kada a faɗa! Ke kika bi mu ɗaya-ɗaya kika ɗaure mana baki, ke kika karɓe waya, yanzu kuma za ki tafi ki bar mu da abin a wuya har mu mutu?" Matar gadon kusa ta ja labule. Hawaye ya gangaro wa Umma ya shige kunnenta. Yaya ta ja ni baranda. Na ɗauka mari zan sha. Ta ce, "Ni ma abin da ke bakina ke nan, na rasa ta inda zan fara."

Duk da haka na tsani kaina yau. Mace tana kwance ko juyi ba ta iyawa, na tsaya a kanta ina ɗaga murya.

Talata, da la'asar

Ta ƙi kallona. In ta gama shan ruwa Auta take miƙa wa kofin, ko da na fi shi kusa.

Laraba, da hantsi

Ta sa aka tara mu. Muryar ta shige ciki, sai mun sunkuya muke ji. Ta ce, "Shi likita aikinsa yake yi, dole ya tsorata mutum. Ku nake tambaya. In ba a yi ba, me zai faru?"

Auta ya ce, "Umma, rai ai a hannun Allah yake."

Ta ce, "Na san wannan tun ba a haife ka ba."

Ta kalli Yaya. Yaya ta fara, wai akwai yiwuwar kaza, wai likitoci suna ganin kaza, sai maganar ta tsinke. Sai ta juyo gare ni, karon farko tun jiya.

Na ce, "Mutuwa za ki yi, Umma. Ba da daɗewa ba. Kuma ba na so."

 Can ta ce ba ƙafar take ji ba, ɗawainiyar take ji, wa zai yi ta ɗaukar ta kamar buhu ana kai ta banɗaki. Auta ya ce shi da yake saɓa firji ya hau bene da shi, ita ɗin nawa take? Ta ɗan murmusa. Ta lumshe ido har na ɗauka barci ya ɗauke ta.

Sai ta ce, "Barkono, je ki kira mai furfurar. Kada ki tsaya yi masa tsiwa a hanya."

Alhamis, da azahar

An yi.

Juma'a, da yamma

Na zauna in rubuta na jiya, abin da nake tunawa kawai bencin ƙofar ɗakin tiyata, da ƙafarsa ɗaya da ta fi sauran gajarta, duk wanda ya motsa sai mu uku mu girgiza. Yaya ta riƙe hannuna. Rabon da ta riƙe hannuna tun tana tsallakar da ni titi zuwa makaranta. Auta ya tafi sayo ruwa ya dawo hannu wofi, bai ma san bai sayo ba.

Lahadi, da safe

Zazzaɓi ya sauka. Jakar fitsari ta cika. Ban taɓa zaton zan yi murna da fitsari ba, har na kira Yaya na gaya mata, ta yi ta alhamdu lillahi ba ƙaƙƙautawa. Likita ya ce ƙodar tana dawowa. Ya ce in wurin ya warke akwai ƙafar roba, amma da shekarunta da ciwon sugan kada mu ɗora rai da yawa, wataƙila keke ne.

Bargon yana da tudu ta hagu, ta dama ya kwanta a shafe daga tsakiyar cinya. In na shiga ɗakin sai na nemi inda zan ajiye idona. Umma ba ta ɗaga bargon ba tukuna. In nas ta zo wanke ciwon sai ta rufe fuska da mayafi har a gama.

Talata, da hantsi

Ina gyara mata filo, idonta a rufe, na ɗauka barci take yi. Sai ta ce, "Barkono, tafin ƙafata na dama yana ƙaiƙayi. Sosa mini."

 Nas ta gaya mana za a yi haka, wai jiki yakan daɗe bai yarda ba, mutum ya riƙa jin zafi ko ƙaiƙayi a inda babu komai. Ta gaya mana, amma ba ta gaya mana abin da za mu ce ba. Na ce ko ruɗewar ce ta dawo, na taɓa goshinta, da sanyi. Na tsaya a kanta.

"Kin tsaya me?" in ji ta.

Na zagaya ƙarshen gadon. Na auna da ta hagu, na ɗora hannu a kan zanin gado daidai inda tafin zai kasance, na fara sosa katifa. Farcena yana ƙara a kan robar da ke ƙarƙashin zanin.

"Ƙasa kaɗan. Wajen diddige."

Na sauko ƙasa kaɗan. Hawaye yana ɗiga a bayan hannuna, na kasa ɗauke hannun in share. Na ce, "Umma..."

Ba ta buɗe ido ba. Ta ce, "Na sani, 'yar nan. Na san babu ita. Ke dai ci gaba."

Na ci gaba har ta yi barci.